Fatsar 'nauyi a ƙasa': A fara zaɓen ƙugiya da dalma kafin a taya sanda

A manyan shagunan kayan kamun kifi na Amurka da Japan, abin da ke fara ɗaukar idon mai saye shi ne sanduna masu sheƙi da na'urorin naɗe zare da ake sayarwa ɗaruruwan daloli. Ƙugiyoyi kuwa suna can a rataye jikin bango cikin 'yan ledoji, sai mutum ya gama ciniki yana hanyar biyan kuɗi sannan ya tsinci ɗaya.

Wannan tsari a birkice yake, musamman ga mai son salon fatsar da Amurkawa ke kira durof-shot, wato wanda ake ɗaure nauyi a ƙarshen zare, ƙugiya kuma a samansa. A wannan salo, ƙananan kayan nan da ake rainawa su ne ke shiga ruwa, kuma su ne kifi ke gani ya taɓa. Sanda tana hannun mai ita, kifi bai san kuɗinta ba.

Don haka mai son shiga wannan harka ya kamata ya fara da ƙugiya, sai zare, sai nauyi, sanda ta zo a ƙarshe. Kuma idan ya zo kan nauyi, ya dace ya haƙura da dalma ko da tana da araha, domin wannan salon yana yawan barin ƙarfe a ƙasan ruwa.

Yadda salon yake da inda ya fito

A fatsar da aka saba, ƙugiya ce a ƙarshen zare, nauyi kuma yana samanta don ya nutsar da ita. A nan an juya abin. Nauyi ne ke zama a ƙasan ruwa, ƙugiya tana sama da shi da kamar santimita 30 zuwa 45, ɗauke da 'yar tanar roba ko ɗan kifin roba mai laushi.

Amfanin haka a bayyane yake. Abincin ƙugiyar ba ya nutsewa cikin taɓo ko ciyawa, yana tsaye ne daidai idon kifin da ke shawagi kusa da ƙasa. Mai fatsa yana iya barin sa wuri ɗaya na tsawon lokaci yana ɗan girgiza shi, ba tare da nauyin ya motsa ba. Kifin da ya ƙoshi ko ya tsorata, wanda ba zai bi abin da ke gudu ba, yakan kasa haƙuri da abin da ke rawa a bakin hancinsa.

Masunta sun daɗe suna ɗaure ƙugiya a saman nauyi a bakin teku. Amma salon da ake magana a kai, mai siririn zare da ƙaramar ƙugiya, ya bunƙasa ne a Japan a shekarun 1990, wajen kamun kifin bas. Wannan kifi ɗan asalin Arewacin Amurka ne, an kai shi tafkin Ashinoko na Japan a 1925. Tafkunan ƙasar suna da masu fatsa da yawa, kifayen kuma sun ga kowace irin dabara har sun waye, sai aka koma ga ƙananan kaya. Sunan Haruhiko Murakami ne aka fi dangantawa da yaɗa salon a can.

Daga Japan ya tsallaka zuwa tafkunan jihar Kalifoniya masu zurfi da garai-garai. Marigayi Aaron Martens, ɗan jihar da ya zama gwarzon shekara na gasar Bassmaster har sau uku, a 2005 da 2013 da 2015, yana cikin waɗanda suka nuna cewa ana iya cin manyan gasa da shi. A yau an ɗauke shi a Turai ma, inda ake kama kifin fach da zanda da shi a magudanan ruwa na Ingila da Holan.

Ba wasan yara ba ne. Wanda ya lashe gasar Bassmaster Classic yana tafiya gida da dala 300,000, kuma kifi biyar kacal ake auna wa mutum a rana. Kifi ɗaya da ya kuɓuce saboda ƙugiya ta miƙe ko ƙulli ya kwance yana iya raba mutum da wannan kuɗi.

Ƙugiya: lamba, kauri da faɗin baki

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne lambar ƙugiya. Daga lamba 1 zuwa sama, duk lokacin da lamba ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa take yi, wato lamba 4 ta fi lamba 2 ƙanƙanta. Amma daga 1/0 zuwa 2/0 da 3/0, girma take ƙarawa. Haka kuma babu ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni. Lamba 2 ta Gamakatsu ko Owner na Japan ba lallai ta yi daidai da lamba 2 ta Mustad na Norway ko VMC na Faransa ba. Saboda haka a duba ƙugiyar da ido, a gwada ta da abincin da za a sa mata, kada a tsaya ga abin da aka rubuta a leda.

Idan ruwa fili ne, babu ciyawa ko itace, abin da ya dace shi ne gajeriyar ƙugiya mai faɗin baki, lamba 1 ko 2, ko lamba 4 idan abincin ƙarami ne sosai. Ana soka ta ne a can bakin hancin tanar roba, sauran jikin ya rage sake. Dalili kuwa shi ne duk ɓangaren roba da ƙarfe ya ratsa ya sandare ke nan. Babbar ƙugiya mai dogon wuya takan cinye rabin tana mai santimita 10, abin da ya rage ba ya wata rawa. Nauyinta kuma yana karkatar da kan tanar ƙasa, alhali ana so ta kwanta a miƙe kamar ɗan kifi mai numfashi.

Idan kuwa wurin yana da ciyawa ko rassan itace da ruwa ya shanye, buɗaɗɗen tsini zai riƙa maƙalewa. A nan ake komawa ga siririyar ƙugiya mai ɗan tsawo, lamba 1/0 ko 2/0, a ɓoye tsininta cikin jikin robar. Wannan yana rage maƙalewa, sai dai yana buƙatar a ja da ɗan ƙarfi kafin tsinin ya huda roba ya kai ga bakin kifi, don haka zaren ma sai an ɗan ƙara masa kauri.

Kaurin wayar ƙugiya ya fi lambarta muhimmanci, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Mutane suna ganin ƙugiya mai kauri ta fi aminci. Gaskiya ne ba ta miƙewa da sauƙi, amma duk wanda ya taɓa ɗinka fata ya san allura ta fi basilla saurin shiga. Ƙugiya mai kauri tana bukatar fizga mai ƙarfi kafin ta shiga har bayan kunnenta, kuma zaren wannan salo ba zai jure irin wannan fizgar ba. Ko dai ya tsinke, ko tsinin ya tsaya a fatar baki, kifin ya yi tsalle ɗaya ya tofar. Siririyar waya kuwa ɗaga sanda da naɗe zare kawai sun isa su shigar da ita.

Sai kaifi. Gwajin da masunta suka daɗe suna yi bai canza ba: a ɗora tsinin a kan farce a ja a hankali. Idan ya kama ya yi zane, yana da kaifi. Idan ya zame, a canza. Tsini yana dakushewa duk lokacin da ya bugi dutse, kuma ƙugiya ita ce mafi araha a cikin kayan gaba ɗaya. Wanda ya sayi sandar dala 300 yana jin ƙyashin jefar da ƙugiyar da ba ta kai dala ɗaya ba, ya yi tsimi a inda bai kamata ba. Araha dai ba ta ado.

Ƙulli da tazara

Ƙugiya mai kyau da aka ɗaure a karkace ba ta da amfani. Ana so ta tsaya a kwance daga jikin zare, tsininta yana kallon sama, domin ya kama leɓen kifi na sama, inda ya fi ƙwari kuma ba ya cutar da shi sosai.

Ƙullin da aka fi yi shi ne wanda ake kira Falomar. Ana ninka zare a zura ta hujin ƙugiya, a yi ƙulli ɗaya sako-sako, a shigar da ƙugiyar cikin madaukin da ya fito, a jiƙa sannan a ja. Sai a bar dogon saura, wanda zai ɗauki nauyi. Matakin ƙarshe shi ne wanda ake yawan mantawa: a sake zura wannan sauran ta hujin, daga ɓangaren tsini zuwa ƙasa. Shi ne ke tayar da ƙugiyar ta tsaya. Jiƙa zaren ma ba al'ada ba ce kawai, gogayya tana haifar da zafi, zafi kuma yana raunana zare a daidai ƙullin.

Tazarar da ke tsakanin ƙugiya da nauyi tana bin inda kifi yake. A ruwan sanyi, lokacin da kifi ke manne da ƙasa, santimita 15 zuwa 20 sun isa. Idan akwai ciyawa mai tsawon santimita 40 a ƙasa, dole tazarar ta wuce haka. Mai jifa daga bakin gaɓa kuma ya tuna cewa zarensa a kwance yake shiga ruwa, saboda haka tazarar santimita 45 a hannu ba za ta ɗaga abincin santimita 45 daga ƙasa ba. Shi ya kamata ya fi mai jirgi tsawaita ta.

Zare: wanda kifi ba ya gani da wanda hannu ke ji

Zare iri uku ne a kasuwa. Akwai nailan da kowa ya sani, akwai fulorokabon, akwai kuma saƙaƙƙen zare da ake kitsawa da siraran zaruruwa.

Fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a matsayin zaren fatsa a 1971, shi ya fi dacewa da ɓangaren da ke kusa da ƙugiya. Yadda haske ke ratsa shi ya fi kusa da yadda yake ratsa ruwa idan aka kwatanta da nailan, don haka ba ya fitowa fili sosai. Ya fi ruwa nauyi, yana nutsewa da kansa, kuma yana jure gogar dutse. Ƙarfin da aka fi amfani da shi shi ne mai ɗaukar kilo 2.7 zuwa 3.6, wanda ake rubuta wa laba 6 zuwa 8 a jikin kwali.

Jure goga ba ƙaramin abu ba ne a wasu wurare. A manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, wata 'yar ƙumba mai kaifi da jiragen ruwa suka kwaso daga Turai ta bayyana a tafkin Sen Kilya a 1988, ta lulluɓe duwatsu, ta kuma tace ruwan har ya yi garau. A 1990 wani ɗan kifi mai zaman ƙasa da ake kira gobi ya biyo baya, bas kuma ya mayar da shi abinci. Ruwa garau yana bukatar siririn zare, kifi mai kiwo a ƙasa yana bukatar abinci kusa da ƙasa, ƙumba kuma tana yanka zare. Wannan ne ya sa salon ya samu karɓuwa sosai a can, kuma ya sa masu hankali ke shafa zaren da yatsa bayan kowane kifi, su sake ƙulli da zarar sun ji kaushi.

Matsalar fulorokabon ita ce tauri. Idan aka cika na'ura da shi yana murɗewa, domin tanar roba tana juyawa duk lokacin da ake jawo ta sama. Bayan 'yan sa'o'i sai zaren ya fara cukurkuɗewa. Maganin da yawancin ƙwararru suka tsaya a kai shi ne a cika na'urar da saƙaƙƙen zare mai ɗaukar kilo 4.5 zuwa 7, sannan a ɗaura masa fulorokabon mai tsawon mita biyu zuwa uku a gaba. Saƙaƙƙen zare ba ya talewa, don haka ko ɗan taɓi kifi ya yi a zurfin mita 10 hannu zai ji, kuma murɗewa ba ta dame shi sosai ba. Akwai kuma ƙugiyoyin da aka haɗa da ɗan ƙarfe mai juyawa, irin Spinshot na VMC, waɗanda ke rage murɗewar, ko da yake suna ƙara ƙarfe a gaban idon kifi.

Nauyi: awo da siffa

Ƙa'idar awo guda ce: mafi ƙarancin nauyin da zai sa hannu ya ci gaba da jin ƙasa. A ruwa mara zurfi kuma mara iska, giram 3.5 zuwa 5 sun wadatar. A zurfin mita 6 zuwa 10, giram 7 ne aka fi ɗauka. Idan akwai igiyar ruwa mai ƙarfi, kamar a kogin Sen Lorans, ko iska tana kaɗa jirgi, ana kaiwa giram 10 zuwa 14. Nauyin da ya yi kaɗan yana barin zare ya yi ciki, kifi ya ɗauka ya tofar ba a sani ba. Wanda ya yi yawa kuma yana cusa kansa cikin tsagar dutse.

Siffa tana bin irin ƙasan ruwan. Mai kama da ƙwallo ya fi isar da labarin ƙasa zuwa hannu, ya dace da yashi da tsakuwa. Dogo siriri mai kama da fensir yana zamewa tsakanin duwatsu da ciyawa. Mai kama da ɗigon ruwa yana tsakiyarsu, kuma shi ya fi dacewa da wanda zai sayi iri ɗaya kawai.

Yawancin waɗannan nauyaye ba a ɗaure su da ƙulli. Suna da ɗan matsi na waya a kai wanda ake cusa zare ya kama. An yi haka da gangan, domin idan nauyin ya maƙale aka ja, zaren ya zame, a tsira da ƙugiya da abincinta. Dabara ce mai kyau ga mai fatsa. Sai dai ma'anarta ita ce an ƙera salon ne don ya riƙa zubar da nauyinsa a ruwa, kuma mai kamu a wuri mai duwatsu yana iya barin da dama a yini ɗaya.

Dalilin da ya sa a bar dalma

Tsuntsayen ruwa, kamar kaji, suna haɗiye tsakuwa domin ta taimaka wa ƙundunsu niƙa abinci. Ba sa bambance tsakuwa da guntun dalma. Idan ya shiga ƙundu, niƙa da ruwan ciki suna narkar da shi, gubar ta shiga jini. Guda ɗaya yana iya kashe babban tsuntsu.

Ingila ta ga haka a jikin manyan fararen agwagin ruwanta masu dogon wuya, waɗanda suka riƙa mutuwa a koguna irin su Tems. A 1987 aka hana amfani da dalmar fatsa mai nauyin giram 0.06 zuwa 28.35, kuma yawan tsuntsayen ya farfaɗo bayan haka. A jihar New Hampshire ta Amurka, inda aka gano cewa dalmar fatsa ce kan gaba wajen kashe manyan tsuntsayen nutso da ake kira lun, an fara hana ƙananan nauyayen dalma a 2000. Kanada ma ta hana waɗanda ba su kai giram 50 ba a gandayen dajinta na ƙasa. Duk awon da ake amfani da shi a wannan salo, daga giram 3.5 zuwa 14, ya faɗa cikin abin da waɗannan dokoki suka hana.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani kan gubar dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Wancan bala'i daga niƙa duwatsun zinare ya fito, ba daga kayan su ba, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa. Mai matse dalma da haƙori, da mai narka ta a tsakar gida inda yara ke wasa don ya zuba nauyin fatsa ko na koma, duk suna wasa da abu guda.

Madadin da ya fi shahara shi ne ƙarfen tangistin, kuma abin sha'awa shi ne ya fi dalma aiki tun kafin a zo maganar tsuntsaye. Santimita ɗaya murabba'i ta kowane gefe na dalma tana da nauyin giram 11.3, ta tsantsar tangistin kuwa 19.3. Wato nauyi ɗaya a jiki ƙarami, mai saurin nutsewa da ƙarancin maƙalewa. Haka kuma yana da tauri, ba ya shanye bugu kamar dalma mai laushi, don haka hannu yana bambance dutse da taɓo da tsakuwa.

Aibinsa tsada. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, kowa na iya zuba ta da garwashi. Tangistin sai ya haura digiri 3,400, ana sarrafa shi ne daga gari a masana'anta, kuma mafi yawansa daga China yake fitowa. Kuɗinsa yakan ninka na dalma sau da yawa. Wannan ƙorafi gaskiya ne, bai kamata a yi watsi da shi ba. Amma wanda aljihunsa bai kai ba yana da tagulla da baƙin ƙarfe da kuza, waɗanda suka fi girma a jiki amma suna aiki. Kuma a ƙasa mai duwatsu inda asara ta zama dole, dogon nauyi na ƙarfe mai araha ya fi dacewa da a yi ta zubar da mai tsada.

Sanda da na'ura

Sai yanzu aka zo kan sanda, kuma zaɓenta ya yi sauƙi tunda an san abin da za ta ɗauka. Ana bukatar mai tsawon kamar mita 2.1, mai laushin kai da ɗan ƙarfi a gindi. Laushin kai ne ke ba da damar girgiza abincin ba tare da ɗaga nauyi ba, shi ne kuma ke shanye fizgar kifi don kada siririyar ƙugiya ta yage baki ko ta miƙe. Sanda mai tauri, komai tsadarta, tana lalata duk zaɓen da aka yi a baya.

Na'urar naɗe zare matsakaiciya, wadda ake yi wa lamba 2500, ta isa. Abin dubawa a jikinta shi ne birki, wato abin da ke sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi. Dole ya riƙa saki sumul, ba tare da kamewa da fizga ba. An saba saita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Birki mai kyau a na'ura mai matsakaicin kuɗi ya fi ado a mai tsada.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai masu cewa ƙananan kaya ƙananan kifi suke kamawa, kuma babban kifi zai miƙe siririyar ƙugiya. Suna da hujja a wuri guda. A cikin ciyawa mai kauri ko tsakanin kututture, inda dole a fizgo kifi kafin ya naɗe zare, kayan da aka lissafa a nan ba za su yi ba. Can ana ƙara kaurin komai, zare da ƙugiya da sanda. Haka nan babu mai hankalin da zai tunkari giwan ruwa irin na Argungu, ko tsage mai haƙora kamar reza, da zaren kilo uku. Amma a buɗaɗɗen ruwa, ƙugiya ba ta miƙewa sai ƙarfin da ke kanta ya wuce kima, kuma aikin birki da laushin sanda ke nan su hana hakan. Idan ta miƙe, galibi an ɗaure birki ne fiye da ƙima.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: siririn zare yana tsawaita kokawa, kifin ya galabaita, alhali yawancin masu wannan fatsa sakin kifin suke yi bayan kamu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa bai dace a sauka ƙasa da ƙarfin da ruwan ke bukata ba don burgewa kawai. Sai dai salon yana da nasa alherin. Tunda zare a miƙe yake tsakanin sanda da nauyi, ana jin cizo da wuri, ƙugiyar ta kama leɓe kafin kifi ya haɗiye ta. Wanda ya danne kunnen ƙugiyar da filaya kuma zai cire ta cikin daƙiƙa kaɗan.

Haɗarin da ya rage na zurfi ne. A mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama sau biyu, don haka iskar da ke cikin jakar iskar kifi tana kumbura idan aka fito da shi da sauri, har ya kasa komawa ƙasa. Babu ƙugiyar da ke maganin wannan. Mai niyyar saki ya rage zurfin da yake kamu, ko ya mayar da kifin nan take. Masu shirya gasa ma sun san darajar ran kifi, shi ya sa ake rage wa ɗan takara awo a kan duk wanda ya kawo matacce.

Abin da za a saya

Mai farawa ba ya bukatar akwati cike. Leda ɗaya ta gajerun ƙugiyoyi lamba 2 masu siririyar waya, ɗaya ta lamba 1/0 don wurin ciyawa, fulorokabon mai ɗaukar kilo uku zuwa uku da rabi, saƙaƙƙen zare mai kilo 4.5, da nauyi marar dalma na giram 5 da 7 da 10. Waɗannan za su yi aiki a mafi yawan tafkuna da magudanan da ake wannan fatsa. Abin da ya rage a aljihu shi za a kai wa mai sanda, a zaɓi mai laushin kai da na'ura mai birki sumul, ko da ba su ne ke gaban shago ba.

Kafin a jefa kuma, a duba dokar wurin game da dalma, a gwada tsini a farce, a tabbata ƙugiya tana kallon sama.